Injin da Aka Aiko wa Kaka

Zuwa ga 'yata Gaggawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya zaman ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau, in kin cire gwiwata ta hagu da keken ɗinkina, waɗanda kullum suke gasar ƙorafi.

Na san za ki ce me ya hana ni kira. To, a waya gaisuwa kawai ake yi, don Kaka yana jin ta yi ƙara zai jawo kujera ya zauna a gefena, kunnen nan da ba ya jin kiran shan magani nan take ya warke. Maganar kuwa a kansa take.

Tun aikin hanjin da aka yi masa bara cikinsa ya daina karɓar madarar saniya. Ko kurɓi ɗaya ya yi a shayi, sai kumburi da murɗa, ya wuni yana zarya banɗaki. Likita ya ce a daina ba shi gaba ɗaya. Ki duba fa, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tatsa a gonar madara, wanda da ya ajiye aiki bai roƙi komai ba sai saniya ɗaya a bayan gida. Ita ma jar saniyar mun kai ta gonar surukinmu a bayan gari, bayan ya zame a gindin turke ya kusa karya ƙugu. Ranar da mota ta tafi da ita, tsintsiya ya ɗauka ya share wurin.

Yanzu baƙin shayi yake sha yana yamutsa fuska, ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa. Likita ya ce a gwada madarar tsirrai. Na je kanti na tarar da kwalaye jere, ta waken soya, ta shinkafa, ta kwakwa, da wasu da ban iya kiran sunansu ba. Na tsaya ina zare ido har mai kanti ya fara bin jakata da kallo. Ke ce jikar yayansa da ta yi karatun abinci, ke kike tsara wa marasa lafiya abin da za su ci a asibitinku. Ki zaɓa mana.

Ya ce a gaida Amaryarsa, wai in ba ki dawo ba zai yi miki kishiya.

Goggonki

*

Goggo,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki ina shirin fita aiki, a tsaye na karanta ta, a motar haya nake ba ki amsa, ki yi haƙuri da rubutun. Ina lafiya. Gwiwar nan ki daina yi mata dariya, ki je a duba ta.

Ki fara da ta waken soya. Ita ce ta fi kusa da ta saniya wajen gina jiki, kuma abin da tsoho mai ramewa yake buƙata ke nan. Ta shinkafa ruwa ce da zaƙi, ba ta riƙe mutum. Ta kwakwa maiƙo ne ya yi mata yawa. Ta almon, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, daɗi gare ta, amma in kin bincika yawancinta ruwa ne. Ki juya bayan kwalin ki duba abu biyu: kada a ce an ƙara sukari, kuma a ce an ƙara kalsiyam, wato sinadarin ƙarfin ƙashi. Ki girgiza kafin ki zuba, don yana kwanciya a ƙasa.

In ta kwali ta gagara, ana yin ta soya a gida. A jiƙa waken ya kwana, a murje ɓawon, a markaɗa, a tace da ƙyalle, a dafa sosai ana juyawa har gafin ya fita. Kada a sha ba a dafa ba. Sai dai ta gida ba ta da kalsiyam ɗin, sai ki yi wa likitansa magana ya ba shi na haɗiya. Amma wahala ce, ban so ki ƙara wa kanki aiki.

Maganar saniyar ta taɓa ni. Shekarar da mahaifiyata ta kwanta aka kawo ni gidanku, a kan kujerar tatsarsa nake karyawa, yana tsirto mini madara a kofi daga nesa wai yana gwada saiti. A nan ya raɗa mini sunan nan Gaggawa, don ba na jira kumfa ta kwanta.

Ki gaya masa duk wadda ya kawo sai na kore ta da muciya.

'Yarki

*

'Yata,

Sallama da fatan alheri. Mun samu bayani, Allah ya ƙara ilimi. Gwiwa tana gaishe ki, ta ce ba inda za ta.

Na bi maganarki, amma da yake ni ma ina da taurin kai sai na saye su duka don ya ɗanɗana. Ta shinkafa ya ce ruwan wankin shinkafa ne aka sa wa riga. Ta kwakwa ya ce shi shayi ya nema, ba man shafawa ba. Ta almon ya tambaye ni wace irin dabba ce almon, kuma me take ci. Da ya zo kan ta soya ya daɗe yana juya ta a baki, sannan ya ce, "Wannan da dama-dama. Amma ni tunda nake ban taɓa shan madarar da ban san hannun da ya fitar da ita ba."

Sai bakina ya ja mini. Na karanta masa yadda kika ce ana yi a gida.

Gaggawa, tun ranar ban sake ganin zaman lafiya ba. Da la'asar ya tsince wake ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman zinariya, ya jiƙa. Ana idar da sallar asuba sai ki ji shi yana murje ɓawo. Ni ce mai markaɗe, don tsoron bilenda yake. Sannan ya zuba a ƙyalle, kuma wane ƙyalle? Farin yadin da na yanka zan yi wa wata mata shafin riga, shi ya ɗauke. Ya ɗaure bakinsa ya rataye a ƙusar tsohon turke, ya jawo kujerar tatsa, ya sa bokiti tsakanin gwiwoyinsa. Ba murɗawa yake yi irin namu ba. Daga sama yake kamawa, yatsa bayan yatsa har ƙasa, hannu na bin hannu, sai ki ji tsirr tsirr a gindin bokiti. Har magana yake yi wa ƙyallen. Jiya na ji yana cewa, "Tsaya mana, ke ba ki da haƙuri ne?"

Bokiti guda yake yi, alhali mu biyu ne a gidan. Don haka yanzu maƙwabta ke layi da kofunansu, mai gyaran takalmi, da malamar makarantar da ke sama da mu, da direban nan mai tari. Ya tsaya yana rabo yana yi musu lacca kan kumfa. Dusar kuma matar direba ke kwashewa ta ba kajinta.

Ni fa? Kicin ya zama nasa. Tukunyata babba kullum tana kan wuta, ta taso ta zube, ƙauri har cikin kayan mutane. Da yamma yatsunsa sun kumbura, wuyan hannu na zogi, ni ce mai shafa man zafi yana yi mini ihu. In kina da maganin wannan tsoho ki aiko mini da shi, don ya kusa kashe ni, ya kashe kansa.

Cikin dai shiru, alhamdu lillahi.

Goggonki

*

Goggo,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta hana ni sukuni. Ni na jawo wannan da na kawo maganar yi a gida. Tsoho mai shekarunsa yana matsa har yatsu su kumbura? Ke kuma ga ɗinki, ga gwiwa, ga tukunya? Wannan ba daidai ba ne, ina nan ina ɗaukar albashi ku kuna can kuna fama da tsumma.

Na samo maganin. Akwai inji da ake sayarwa a nan, girmansa bai fi butar shayi ba. A zuba wake da ruwa, a danna maɓalli, shi zai markaɗa ya dafa, ko jiƙo ba dole ba ne. Na saya, na ba wata abokiyar aikina da za ta zo gida, ƙaninta zai kawo muku har ƙofa. Na rubuta yadda ake amfani da shi da manyan baƙaƙe na manna a jiki.

Ki ce wa Kaka kyautar Amarya ce, kuma in na ji ya sake taɓa ƙyallen nan mun ɓata.

'Yarki

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso lafiya, ba abin da ya fashe. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.

Injin yana aiki yadda kika ce. Madara tana fita sumul, ba gafi, ba ƙauri. Kicin ya dawo hannuna, tukunyata ta huta. Kaka ya sa miki albarka sosai.

Ɗinki ya yi mini yawa kwanan nan, shi ya sa ban tsawaita ba.

Goggonki

*

Goggo,

Ina fatan kuna lafiya. Ni lafiya, sai dai zuciyata ba ta kwanta ba.

Watanni ke nan ba wasiƙarki. Ta ƙarshen ma da na buɗe sai da na leƙa cikin ambulan ko wata takardar ta maƙale. Ke da kike cika shafi uku kan rigimar mai kanti, yau layi biyar? Na karanta ta ya fi a ƙirga. Na ce ko na yi laifi ne da na aiko ta hannun baƙo ban sanar da ke tun da wuri ba. Ko maganar albashi da na yi ce ta yi kama da gori. Wallahi ba haka nake nufi ba.

In na kira kuma, lafiya lau, lafiya lau. Ranar Juma'ar da ta wuce da kika ba shi wayar, sunana na yanka ya kira. Tun ina ƙarama ban taɓa jin sa a bakinsa ba. Na tsokane shi da maganar kishiya, ya ce Allah ya yi albarka, ya miƙa miki.

Ko injin ne ya yi ƙanƙanta? Akwai babbansa, zan iya aikowa. Don Allah ki gaya mini gaskiya.

'Yarki

*

'Yata,

Sallama. Kada ki aiko da babba. Kuma ba ki yi mini laifi ba, ki cire wannan a ranki. Na yi shiru ne don na rasa yadda zan rubuta abin ba tare da na ɓata miki ba. Tunda kin nemi gaskiya, ga ta.

Ranar da injin ya zo, Kaka ya sa sabuwar riga kafin a buɗe kwalin. Na zuba wake da ruwa, na ce ya danna da hannunsa. Ya danna. Muka tsaya injin yana gurnani, can ya yi ƙara ya tsaya. Na zuba masa a kofi. Ya dube ni ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ya kurɓa ya ce, "Ta fi tawa laushi. Yarinyar nan ta hutar da ni."

Da la'asar ya ɗauko kwanon jiƙo kamar kullum, sai ya tsaya da shi a hannu, ya mayar. Ya wanke ƙyallen, ya shanya, ya ninke ya kawo mini ɗakin ɗinki, wai ga yadina. Na ce, "Baba, ai ba wanda ya hana ka. Ka riƙa yin taka, injin mu bar shi don ranar da ka gaji." Ya ce, "Jikar yayana ta aiko da kaya daga uwa duniya da guminta, in ture gefe in koma wa tsumma? In mun haɗu da yayan nawa a lahira in ce masa me?" Kin san shi. Kyautar da aka yi masa ko takalmi ne mai matse ƙafa sai ya sa shi har ya yage.

Injin jug ɗaya yake yi, daidai mu biyu. Maƙwabta suka zo da kofuna kwana biyu, suka ga ba bokiti, kunya ta sa suka daina. Shi kuma yanzu in ya yi sallar asuba sai ya koma ya kwanta. Hantsi ya yi, ya kwanta. In na ce ya fito ya sha iska, sai ya ce ya fito ya yi me. Abinci sai na tsaya a kansa. Naman da ya mayar duk ya zube. Likita ya auna ko'ina ya ce bai ga sabon ciwo ba, a dai sa shi ya riƙa motsi.

Laifin bakina ne. Ke tun kina shekara goma rabonki da zama da ni, kin manta cewa ni in abu ya yi mini daɗi mita nake yi. Wasiƙar nan da na cika da ƙorafi, ina rubutawa ina dariya. Da na yi miki magana a miƙe, da cewa zan yi tun da aka tafi da saniyar ban ga Baba da rai irin na lokacin da yake matsar ƙyallen nan ba, kuma kumburin yatsun shi kansa alfahari yake da shi, har nuna wa direba yake. Ban rubuta haka ba. Na ce ki aiko da magani, ke kuma kika aiko.

Sannan na ƙara da yin shiru, ina ganin kara nake yi miki. Wannan ya fi ci mini rai.

Goggonki

*

Goggo,

Na karanta a ɗakin canza kaya, na kasa komawa bakin aiki sai da wata ta zo nemana.

Kullum ina gaya wa ɗalibai su tambayi mara lafiya kafin su canza masa ko cokali ne. Nawa kakan ban tambaye shi ba. Ban ma tambaye ki ba. Na ga yatsu sun kumbura, ban ga sauran ba. Sauri ya haifi nawa, shi ya sha gaya mini.

Ki yi mini abu ɗaya. In na ce masa ya ajiye injin ba zai yarda ba, zai ce kara nake yi. Ki zare igiyar wutar ki ɓoye, ki ce ya lalace, kuma ba a samun kayan gyaransa a garinku. Alhakin ƙaryar a wuyana. Ki fito masa da ƙyallen. Ki gaya wa maƙwabta su dawo da kofunansu, ko ba sa so su sha.

Ki rubuto mini da zarar ya fara.

'Yarki

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu mun gode Allah.

Wasiƙarki ta yi yawo kafin ta iso. A akwatin malamar sama aka jefa ta, ita kuma ta tafi hutu wurin 'ya'yanta, sai da ta dawo ta kawo mini tana ba da haƙuri. Ban ga laifinta ba. Dabarar nan ba ta fi ƙarfin kaina ba, da na yi ta tun tuni ba sai an rubuto mini ba.

Na yi yadda kika ce. Na zare igiyar na tura ƙarƙashin tarin yadi, na je na same shi a kwance na ce, "Baba, injin nan fa ya ƙi tashi." Ya juyo. Ya ce in sake dannawa. Na ce na danna har yatsana ya gaji. Can ya ce, "To, ba za a kwana da baƙin shayi ba ai. Akwai wake?"

Gaggawa, da kin ga yadda ya tashi. Shi ya tsince, shi ya jiƙa, ya tambayi inda na kai bokitinsa, har ya yi mini faɗa don na zuba ƙyallaye a ciki. Na ji daɗin faɗan nan kamar me. Na leƙa na gaya wa mai gyaran takalmi da direba su zo da safe.

Da asuba ya riga ni fitowa. Ɓawon ni na murje, ya ce ruwan ya yi masa sanyi. Na markaɗa, na zuba a ƙyalle na rataya masa a ƙusa. Ya zauna a kujerar, ya gyara bokiti, ya yi bismilla ya kama. Yatsa na farko ya rufe, na biyu ya rufe, sauran suka tsaya. Ya saki, ya yarfe hannun, ya sake kamawa. Ɗigo ne kawai ke sauka. Ya haɗa hannu biyu wuri ɗaya ya matsa har kafaɗarsa tana rawa, ƙyallen ya sulluɓe yana lilo a gabansa. Su direba suna tsaye a bakin ƙofa da kofuna. Mai gyaran takalmi ya ce ya tuna ya bar shago a buɗe, suka juya.

Na durƙusa na ɗora hannuna a kan nasa muka matsa tare. Bai hana ni ba. Muka samu abin da bai kai kofi ba. Sai ya zare hannuwansa ya ɗora a gwiwa yana kallonsu, ya ce, "Ashe hannu ma in ka sallame shi tafiyarsa yake."

Na ce gobe za su saki, rashin yi ne. Mun gwada gobe, mun gwada jibi. Likita ya ce a riƙa ba shi ƙwallon roba yana matsawa, wataƙila ƙarfin ya ɗan dawo, amma bai yi mini alkawari ba. Ƙwallon yana nan a gefen filo, bai taɓa shi ba.

A rana ta uku, da na ɗauko kwanon jiƙo, ya ce in bar shi. Ya ce in kai injin wurin mai gyaran rediyo ko Allah zai sa a dace. Na juya zan fita ya kira ni, ya ce, "In za ki rubuta wa yarinyar nan, kada ki ce mata ya lalace. Ki ce yana aiki lafiya. Ba ta da kowa a can, kada ta zauna ita kaɗai tana jin ba daɗi."

Na ɗauki injin na zaga bayan layi na dawo, na mayar masa da igiyarsa. Yau da safe Kaka ya sha rabin kofi.

Ki nemi hutu ki zo. Kada ki riƙo komai.

Goggonki